Katsalandan na lantarki a na'urorin sauti

Katsalandan na lantarki a na'urorin sauti shi ne duk wata ƙara da ba a so wadda ke fitowa daga lasifika saboda wani ƙarfi na lantarki ko na maganaɗisu ya kutsa cikin siginar da na'urar ke ɗauke da ita. Ana samun sa a rediyo, talabijin, amfilifaya, kwamfuta da kayan sautin mota, haka kuma a lasifikokin masallatai, coci-coci da wuraren taro. Yakan zo a matsayin gurnani mai kauri, ko huci, ko tsuwa mai hawa da sauka, ko kuma ƙara mai kama da tartsatsi.

Kowane katsalandan yana da ɓangarori uku: tushen da ke haifar da shi, hanyar da yake bi, da kuma na'urar da ta karɓe shi. Idan aka kawar da ɗaya daga cikin ukun, ƙarar takan ɓace. Irin sautin da ake ji kan nuna inda tushen yake, shi ya sa masu gyara ke fara sauraro kafin su kwance komai. Wasu dabarun gaggawa, musamman cire wayar ƙasa daga fulogi, suna iya kashe ƙarar amma su jefa mai amfani da na'urar cikin haɗarin jan wuta.

Yadda ƙara ke shiga sigina

A cikin na'ura, sauti yana tafiya ne a matsayin ƙaramin ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Ana auna yawan hawa da saukar a cikin sakan ɗaya da ma'aunin haz, wanda ake taƙaita shi da Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kusan Hz 20 zuwa Hz 20,000, kuma ya fi kaifi tsakanin Hz 2,000 da Hz 5,000.

Siginar sauti ƙanƙanuwa ce ƙwarai idan aka kwatanta ta da wutar soket. Allurar garmaho irin ta zamani tana fitar da kusan milibolt 5, wato kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya. Siginar da ke tafiya tsakanin kayan sauti na gida an tsara ta a kan kusan bolt 0.3, ta kayan ƙwararru kuma kusan bolt 1.2. Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce. Amfilifaya ba ta bambanta waƙa da ƙara. Duk abin da ya shigo mata sai ta ninka shi. Saboda haka ƙarar da ta shiga tun daga farkon layi, kamar a wayar makirufo, ta fi wadda ta shiga kusa da lasifika illa.

Ana auna tazarar da ke tsakanin sigina da ƙara da desibel. Desibel 20 na nufin siginar ta ninka ƙarar sau goma a ƙarfin bolt, desibel 40 sau ɗari, desibel 60 kuma sau dubu. Faifan CD na iya kaiwa kusan desibel 96.

Hanyoyin da ƙara ke bi guda huɗu ne. Ta farko ita ce waya, inda ƙarar ke biyo wayar wuta ko wayar ƙasa kai tsaye. Ta biyu ita ce filin maganaɗisu, wanda ke kewaye da taransifoma da duk wayar da ke ɗauke da wuta mai yawa, kuma yana haifar da ƙaramar wuta a kowace wayar da ke kusa. Ta uku ita ce filin lantarki, wanda ke tsallakawa tsakanin wayoyi biyu da ke kwance gefe da gefe ko da ba su taɓa juna ba. Ta huɗu ita ce iska, inda doguwar waya ke zama kamar eriya ta kama igiyoyin rediyo.

Tarihi

Matsalar ta girmi rediyo. Layukan tarho na farko waya ɗaya suke amfani da ita, ƙasa kuma ta zama hanyar dawowar wutar, don haka suna ɗaukar ƙara daga layukan telegiraf da na wutar lantarki. A shekarar 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa wayoyi biyu tare, wadda ke sa ƙarar ta shiga kowace waya daidai wa daida har ta soke kanta. Har yanzu wannan dabara ce ake amfani da ita a wayar makirufo da wayar intanet. Tun kafin nan, a 1836, Michael Faraday ya nuna cewa kejin ƙarfe na kare abin da ke cikinsa daga filin lantarki na waje, kuma a kan wannan ne aka gina garkuwar da ke naɗe da wayoyin sauti.

A 1928 John B. Johnson da Harry Nyquist na ɗakin binciken Bell a Amurka suka wallafa bayanin hucin da zafi ke haifarwa a cikin kowane abu mai ɗaukar lantarki. Bincikensu ya nuna cewa akwai ƙaramin huci da ba za a taɓa kawar da shi gaba ɗaya ba, sai dai a rage shi. Tsakanin 1931 da 1933 wani injiniya na wannan ɗakin bincike, Karl Jansky, ya bi diddigin ƙarar da ke damun tarhon rediyo mai tsallaka tekun Atilantika. Ya gano tushe uku: tsawa ta kusa, tsawa ta nesa, da wani huci mai ɗorewa da ke zuwa daga tsakiyar rukunin taurarin da duniyarmu ke ciki. Wannan ne mafarin nazarin taurari ta hanyar rediyo.

A watan Disamba na 1933 Edwin Armstrong ya sami rajistar tsarin FM, wanda ya ƙirƙira musamman domin kauce wa ƙarar tartsatsi da ke damun AM. A ɓangaren mota, kamfanin Galvin na Amurka ya fitar da rediyon Motorola a 1930, Blaupunkt na Jamus kuma ya fitar da nasa a 1932. Tun a lokacin sai da aka riƙa ƙara wa fulogogin injin abin danne ƙara kafin a iya sauraro injin na aiki. Daga 1960, lokacin da Chrysler ya sanya altaneta a motar Valiant, sauran kamfanoni suka bi sahu, tsuwar altaneta kuma ta zama sananniyar matsala a kayan sautin mota.

Ire-iren ƙara da abin da suke nunawa

Gurnani sauti ne mai kauri da ba ya canjawa. Tushensa wutar soket ce, wadda ke kaɗawa sau 50 a sakan a Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru da Turai, sau 60 kuma a Amurka, Kanada da Saudiyya. Gurnani mai santsi a Hz 50 yakan nuna filin maganaɗisu na taransifoma ko matsalar wayar ƙasa. Idan ya fito a Hz 100, wato ninki biyu, kuma yana nan ko an zare dukkan wayoyin sigina, galibi manyan kafasitocin sashen wuta na amfilifayar ne suka tsufa.

Ƙugi yana kama da gurnani amma da kaushi, kamar kukan ƙudan zuma. Yana fitowa daga kayan da ke yanka wuta gunduwa-gunduwa, irin su makunnin rage hasken fitila, wasu regiletocin fanka na zamani, fitilar fulorasan, inbata mai arha da caja marar inganci.

Huci shi ne sautin da ake kwaikwaya da "shuu". Mafi yawansa daga cikin na'urar yake fitowa, kuma yana ƙaruwa idan aka buɗe ƙarfin amfilifaya fiye da kima. A rediyon FM alama ce ta raunin sigina. A kaset kuma daga zaren kaset ɗin kansa yake, wanda shi ya sa kamfanin Dolby ya fitar da tsarin Dolby B a 1968, mai rage shi da kusan desibel 10.

Tsuwa sauti ce siririya. A mota, idan tana hawa da sauka tare da totur, daga altaneta take. A kwamfuta takan canja idan aka motsa linzami ko hoton allo ya sauya, saboda tana biyo sashen wuta ko wayar USB.

Tartsatsi da ƙarar "tas" na lokaci-lokaci suna zuwa daga walƙiya, kunnuwar firji ko famfon ruwa, sakakkiyar waya, ko datti a cikin maɓallin murya. Akwai kuma ƙarar "dit-dit-dit" da wayar salula ke sa wa lasifika gab da shigowar kira. Tsarin GSM yana aika sigina a gutsure kusan sau 217 a sakan, kuma wannan adadi yana cikin abin da kunne ke ji.

Zoben ƙasa

Zoben ƙasa na daga cikin manyan dalilan gurnani a gida da tsuwa a mota. Yana faruwa ne idan na'urori biyu suka haɗu da ƙasa ta wurare biyu daban, sannan aka sake haɗa su da wayar sigina. A lissafi, dukkan wuraren da ake kira ƙasa ya kamata su kasance a bolt sifili. A zahiri kowace waya tana ɗan turje wa wuta, don haka akan sami ƙaramin bambanci tsakanin wuri da wuri. Wannan bambanci sai ya tura wuta ta bi garkuwar wayar sigina.

A waya irin ta RCA, mai jan kai da farin kai, garkuwar ita ce kuma hanyar dawowar sigina, saboda haka duk abin da ya bi ta cikinta yana gauraya da sautin. Misali, idan miliamfiya 100 suka bi garkuwa mai turjiyar om 0.03, za a sami milibolt 3. A kan sigina mai bolt 0.3 wannan kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato desibel 40 kacal ƙasa da waƙar, kuma ana jin sa sarai a ɗaki mai shiru.

Wayar XLR mai ƙafa uku, wadda ake amfani da ita a makirufo da kayan ƙwararru, tana kauce wa wannan. Tana ɗauke da siginar a tagwayen wayoyi da aka murɗa, garkuwar kuma aikinta kariya kawai. Na'urar da ke karɓa tana duba bambancin da ke tsakanin tagwayen, ƙarar da ta shiga su biyun daidai kuwa sai ta watsar da ita. Wannan ne ya sa ake iya jan irin wannan waya tsawon mita masu yawa ba tare da gurnani ba. Amma ko ita tana iya kasawa idan masana'anta ta haɗa garkuwar da cikin na'urar maimakon jikin ƙarfenta, matsalar da injiniya Neil Muncy ya bayyana a 1995.

A cikin gida

Ana gano tushen ne ta hanyar ragewa mataki-mataki. Da farko akan zare dukkan wayoyin sigina daga amfilifaya, a bar ta da lasifika kaɗai. Idan ƙarar tana nan, matsalar tana cikin amfilifayar ko wutar da take sha. Idan ta ɓace, sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda ta dawo da ita. Maɓallin murya ma yana ba da haske: ƙarar da ke ƙaruwa idan an ƙara murya ta shigo ne kafin maɓallin, wadda ba ta canjawa kuma ta shigo bayansa.

Sau da yawa wayar eriya ko ta dish ce ke rufe zoben, domin tana haɗe da ƙasa a wani wuri na daban. Zare ta daga dikoda na ɗan lokaci ya isa gwaji. Ana sayar da ƙaramin abin raba ƙasa da ake ɗaurawa a wayar eriya, sai dai wanda ke tare wuta gaba ɗaya ba ya dacewa da dish, domin dikoda tana aika bolt 13 ko 18 zuwa kan dish ɗin ta wannan wayar.

Mafi sauƙin magani shi ne a haɗa dukkan kayan sauti da talabijin a soket ɗaya, ta yadda ƙasarsu za ta zama ɗaya. Idan hakan bai yiwu ba, akan sa ƙaramar taransifomar raba sigina a tsakanin na'urorin biyu. Ita tana wuce da sauti ta hanyar maganaɗisu ba tare da haɗin waya ba, amma mai arha kan rage kaurin sauti. Wayar haske ta TOSLINK, wadda Toshiba ya fitar a 1983, tana yanke zoben gaba ɗaya saboda babu ƙarfe a cikinta. Garmaho yana da tasa siririyar wayar ƙasa da dole a ɗaura a jikin amfilifaya, idan ba haka ba zai yi gurnani mai ƙarfi.

Tsarin wayoyi ma yana da tasiri. Ana raba wayar sigina da wayar wuta, idan kuma dole su haɗu sai su gitta juna maimakon su kwanta tare. Filin maganaɗisu na taransifoma yana raguwa da sauri idan aka yi nisa da ita, don haka matsar da sitabilaiza ko caja daga kusa da amfilifaya kan wadatar. Dunƙulen ferayit, wato kumburin da ake gani kusa da bakin wasu wayoyin kwamfuta, yana danne ƙarar igiyoyin rediyo amma ba ya maganin gurnanin Hz 50.

A wuraren da ake dogaro da janareta da sola, tushen ƙara ya fi yawa. Ƙaramin janareta yana juyawa sau 3,000 a minti domin ya ba da Hz 50, shi ya sa muryar gurnanin ke sauka idan an ɗora masa nauyi. Inbata iri biyu ce: mai fitar da wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, da mai fitar da wuta mai hawa-hawa kamar matakala. Ta biyun ta fi arha, kuma ita ce ke sa ƙugi a lasifika da fanka. Sitabilaiza mai sauya mataki kan sa ƙarar "tas" duk lokacin da wuta ta hau ko ta sauka. A gidan da soket ɗinsa mai rami uku ne amma ba a ja wayar ƙasa ba, jikin dikoda ko kwamfuta kan ɗan ja mutum, gurnani kuma ya yawaita. Gyaran wannan aikin ƙwararren mai haɗa wuta ne, wanda zai kafa sandar ƙasa ya ja wayarta zuwa kowane soket.

A masallatai da wuraren taro, lasifika kan kama tashar rediyo idan wayar makirufo doguwa ce kuma mai waya ɗaya, ko garkuwarta ta tsinke a baki. Sauya ta da XLR, da nisanta ta daga wayar fitilu da fankoki, su ne matakan farko.

Rediyo

A tsarin AM, wanda ya haɗa da matsakaicin zango da gajeren zango, sautin yana cikin hawa da saukar ƙarfin igiyar. Walƙiya da tartsatsin lantarki suna canja wannan ƙarfi, don haka rediyon ke ɗaukar su kamar sauti. Wannan ne dalilin da ya sa masu sauraron gajeren zango ke fama da ƙara a lokacin damina, ko da hadarin yana da nisa. A tsarin FM, tsakanin megahaz 87.5 da 108, sautin yana cikin saurin kaɗawar igiyar, rediyon kuma yana aske duk wani hawa na ƙarfi kafin ya fitar da murya.

Ana iya amfani da ƙaramin rediyo mai batir wajen farautar tushen ƙara. Akan kai shi inda babu tasha a zangon AM, a zagaya da shi cikin gida, ƙarar kuma za ta ƙaru kusa da abin da ke haifar da ita. Idan aka kashe babban makunnin gidan ƙarar ta tsaya, tushen yana ciki. Idan ta ci gaba, daga waje take, kamar sakakken haɗi a kan turken wuta. Eriyar AM da ke cikin rediyo sanda ce mai fifita ɓangare, saboda haka juya rediyon kan rage ƙarar. A FM mai rauni, mayar da rediyon daga sitiriyo zuwa mono yana rage huci sosai.

A cikin mota

A mota, jikin ƙarfen motar ne ke zama wayar dawowa ga dukkan kayan wuta. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin a kashe yake, da kusan bolt 13.5 zuwa 14.5 idan altaneta na caji. Altaneta tana samar da wuta mai kaɗawa a layi uku, dayod shida kuma suna miƙar da ita, amma akan sami ragowar ƙananan tudu a kanta. A altaneta mai ƙafafun maganaɗisu 12, tudun 36 ne a kowane juyi. Idan injin na juyi 800 a minti, fambel kuma yana ninka saurin sau uku, altaneta na juyi 40 a sakan, wanda ke ba da Hz 1,440. Idan injin ya kai juyi 2,400, tsuwar ta kai Hz 4,320, daidai inda kunne ya fi kaifi.

Tsuwar takan shiga ne ta zoben ƙasa: rediyo yana haɗe da jikin mota a gaba, amfilifaya tana haɗe da shi a but, wayar RCA kuma ta haɗa su. Haka ma idan aka sa wayar salula a caji a soket ɗin mota, sannan aka haɗa ta da rediyo ta wayar sauti. A nan zare cajar ko komawa Bluetooth kan kawar da ƙarar.

Ƙarar fulogi dabam take: "tak-tak" ce da ke ƙara sauri tare da injin ba tare da muryarta ta hau ba. Injin mai silinda huɗu yana yin tartsatsi biyu a kowane juyi, wato sau 30 a sakan idan yana juyi 900 a minti. Fulogi mai rizista a ciki, mai kusan om 5,000, da lafiyayyun wayoyin fulogi su ne maganinta. Ƙarar da ke zuwa kawai idan an kunna waifa, fanka ko famfon mai daga motar wannan abin take, kuma ƙaramar kafasita a bakinsa kan danne ta.

Gwajin yana farawa da kashe injin a bar rediyo a kunne. Idan ƙarar ta ɓace, daga injin ko caji take. Daga nan akan zare RCA daga amfilifaya. Idan tsuwar tana nan, sai a duba wayar ƙasar amfilifayar da inda wayoyin lasifika suka bi. Idan ta ɓace, akan ja wata RCA ta wucin gadi ta kan kujeru domin a ga ko hanyar tsohuwar ce matsalar. Ana kuma zaro rediyon daga mazauninsa, a zare eriya, a saurari bambanci.

Wayar ƙasa ta amfilifaya ya kamata ta zama gajeriya, kaurinta daidai da na wayar wuta, a ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa. Akan bi da wayar wuta ta gefe ɗaya na motar, RCA kuma ta ɗaya gefen. Tsatsa a kan batir da sakakkiyar wayar da ke haɗa injin da jikin mota suna ƙara tsuwa, haka ma batirin da ya raunana, domin batir ne ke shanye mafi yawan tudun. Dayod ɗaya da ya ƙone a altaneta yana ninka ƙarar, kuma filta ba ta maye gurbin gyaransa. Maɓallin ƙarfin shigarwa da ke jikin amfilifaya an yi shi ne domin daidaita ta da rediyo. Buɗe shi har ƙarshe yana ɗaga huci da tsuwa tare. Rediyo mai fitar da bolt 4 yana ba da ratar desibel 6 fiye da mai fitar da bolt 2.

Motoci masu aiki da lantarki sun zo da sabon tushe, wato na'urar da ke sarrafa wutar injinsu. Kamfanoni irin su BMW, Tesla da Volvo sun fitar da wasu motocin lantarki babu zangon AM. A 2023 Ford ya sanar da irin wannan mataki, daga baya ya janye shi bayan ƙorafin 'yan majalisar Amurka, waɗanda suka ce ana buƙatar AM domin sanarwar gaggawa.

Tsayayyar lantarki da ƙura

Tsayayyar lantarki ita ce cajin da ke taruwa a jiki ko a tufafi sakamakon gogayya. Ta fi taruwa idan iska ta bushe, kamar a lokacin hunturu a yankin Sahel da arewacin Najeriya. Mutum na iya tara dubban bolt, kuma idan ya taɓa bakin waya akan ji "tas" a lasifika, wani lokaci har ƙananan sassan na'urar su lalace. Taɓa jikin ƙarfen na'urar kafin a kama waya yana sauke cajin. Faifan garmaho mai caji yana jan ƙura, wadda allura ke karantawa a matsayin tartsatsi. Ƙurar da ta shiga maɓallin murya ita ke sa ƙara idan ana murɗa shi, kuma ana wanke ta da ruwan feshi na musamman na kayan lantarki bayan an cire na'urar daga wuta.

Ƙarar da ba ta lantarki ba

Akwai ƙarar da ake ɗauka katsalandan ce alhali dalilinta dabam. Kuwwar da ke tashi idan makirufo ya fuskanci lasifika sauti ne ke zagayawa ta iska, maganinta kuma rage murya ko sauya wurin makirufo. Gurnanin da ke fitowa daga jikin amfilifaya ko da an cire lasifika rawar ƙarfen taransifoma ce. Karkarwar da ake ji kawai a kan sauti mai kauri alama ce ta yagaggiyar lasifika ko sakakken murfin ƙofar mota. A haɗin Bluetooth, wanda ke aiki a gigahaz 2.4 tare da Wi-Fi, katsalandan yana bayyana ne a matsayin yankewar sauti.

Kariya

Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, an sa ta ne domin idan waya mai wuta ta taɓa jikin na'ura, wutar ta bi ta cikinta har fiyus ya ƙone. Idan aka karya ƙafarta a fulogi, jikin na'urar na iya ɗaukar cikakken bolt 230, kuma wutar na iya bin wayar sigina zuwa makirufon da ke hannun mutum. Saboda haka ana yanke zoben ƙasa ne a ɓangaren sigina kaɗai. Manyan kafasitoci suna riƙe caji bayan an cire fulogi, don haka buɗe amfilifaya aikin mai gyara ne.

A mota, ana cire kan batir mai alamar ragi kafin a taɓa wayoyi, kuma ana sa fiyus a wayar amfilifaya kusa da batir, domin waya marar fiyus da ta goge jikin mota na iya tayar da gobara. Cire kan batir alhali injin na aiki, wanda wasu ke yi domin gwada altaneta, yana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙona rediyo da kwamfutar motar. Wayoyin jakar iska ta kariya, waɗanda galibi rawaya ne, ba a yanka su kuma ba a jona komai a kansu.

Dokoki da ƙa'idoji

A 1934 aka kafa kwamitin CISPR na ƙasa da ƙasa domin tsara iyakar katsalandan da kayan lantarki za su iya fitarwa. Ƙa'idarsa mai lamba 25 ta shafi kare rediyon da ke cikin mota, mai lamba 12 kuma ta shafi ƙarar da mota ke watsa wa na waje. A Amurka hukumar FCC ce ke kula da wannan a ƙarƙashin sashe na 15 na dokokinta. Tarayyar Turai ta fitar da nata umarnin a 1989, ya zama wajibi a 1996, kuma bin sa na cikin sharuɗɗan sanya alamar CE. A Najeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, NEMSA kuma ke duba ingancin aikin haɗa wuta. Caja da fitilun da aka ƙera ba tare da filtar da waɗannan ƙa'idoji suka tanada ba suna daga cikin tushen ƙarar da aka fi samu a gidaje a yau.